Yadda za ki fara karɓar kuɗin kayanki ta Paystack, da lissafin da ya kamata ki yi tukuna

Tun da na fara tura wa kwastomomina linki a maimakon lambar akawun, 'yan'uwa mata masu sana'a a gida suke yi mini tambaya ɗaya: don me zan bar wani kamfani ya yanki wani abu a kuɗina, alhali tiransifa ba ta cin mai karɓa komai? Tambayar tana kan hanya. Ni turaren wuta da humra nake haɗawa a Kano, yawancin cinikina a Instagram da WhatsApp yake, kayana kuma suna zuwa Kaduna, Abuja, Legas, wani lokaci har Fatakwal. Abin da nake saya a wurin Paystack da 'yan nairorin da suke cira shi ne shaida. Ina son wani na uku, wanda ba ni ba kuma ba mai saye ba, ya tabbatar mini cewa kuɗi sun shigo, kada in dogara da hoton rasit ɗin da aka turo mini a WhatsApp. Duk wadda aka taɓa yi wa alat na bogi, ta ɗaure kaya ta kai tasha, sai da yamma ta duba asusu ta ga wayam, ta san darajar wannan shaidar.

Aikin nasu kamar na dillali ne a kasuwa: yana tsakanin mai kaya da mai saye, ya karɓi kuɗi, ya cire la'adarsa, ya miƙo miki sauran. Mai saye zai danna linkin da kika tura, shafin biya ya buɗe, ya zaɓi hanyar da yake so, ko katin ATM, ko tiransifa, ko lambobin USSD irin *737# na GTBank. Kuɗin ba asusunki suke faɗawa nan take ba. Wurin Paystack suke fara sauka, su sanar da ke an biya, sannan a ranar aiki ta gaba su tara duk cinikin ranar su turo miki a dunƙule. Ki riƙe wannan da kyau, domin shi ne ya fi rikita sababbin shiga.

Tun da kuɗinki za su kwana a hannun wasu, ya dace ki san su wane ne. Wasu matasa biyu 'yan Najeriya, Shola Akinlade da Ezra Olubi, waɗanda suka yi karatun kwamfuta a Jami'ar Babcock, su suka kafa kamfanin a Legas a 2015. A lokacin, ɗan kasuwan da yake son karɓar kuɗi ta intanet sai ya bi ta banki, ya cike takardu, ya biya kuɗin haɗawa masu yawa, ya yi ta jira makonni. Su kuma suka ce kowa ya yi rajista da kansa daga wayarsa ko kwamfutarsa, ba kuɗin shiga, sai an yi ciniki za su ci nasu. A 2016 suka samu shiga Y Combinator, wata cibiya a Amurka da take zuba jari a ƙananan kamfanonin fasaha tana horar da su, kuma su ne kamfanin Najeriya na farko da ya shiga. A 2018 suka tara jarin dala miliyan 8, wanda kamfanin Stripe ya jagoranta, Visa da Tencent na cikin waɗanda suka zuba. Stripe ɗin nan irin aikin Paystack yake yi a Amurka da Turai, wasu 'yan'uwa biyu 'yan ƙasar Ireland, Patrick da John Collison, suka kafa shi. A watan Oktoban 2020 Stripe ya sayi Paystack gaba ɗaya a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200, a lokacin 'yan kasuwa sama da 60,000 ke amfani da shi. Bai canza suna ba, Shola Akinlade ya ci gaba da shugabancinsa. Yana da lasisin Babban Bankin Najeriya, kuma ya faɗaɗa zuwa Ghana, Afirka ta Kudu, Kenya da Kwaddebuwa. Don haka 'yar'uwar da take sana'a a Nima ko a Zangon Kumasi a Ghana ita ma tana iya buɗe nata, a can ma da kuɗin waya irin MoMo ake yawan biya. A Nijar kuwa ba a buɗe asusun mai sayarwa.

Ba na kawo tarihin nan don in yi musu talla ba, ba su san da zamana ba. Dalilina shi ne kullum ana buɗe sababbin manhajoji masu alƙawarin karɓar kuɗi kyauta, kuma kafin in bar cinikin yini ya kwana a hannun wani, ina so in san ya daɗe, hukuma ta san shi, akwai inda za a kai ƙararsa.

Lissafin la'ada

A nan zan daɗe, domin nan ne riba take zurarewa mutum bai sani ba. A cinikin cikin gida, Paystack na cire kashi 1.5 cikin 100 na kuɗin, a ƙara naira 100. Idan kuɗin bai kai naira 2,500 ba, ana yafe naira 100 ɗin. Kuma komai yawan kuɗin, abin da za su cira a ciniki ɗaya ba ya wuce naira 2,000. Farashi yana iya sauyawa, saboda haka ki leƙa shafinsu na farashi ranar da za ki yi rajista, amma ga yadda lissafin yake tafiya.

Kwalbar humra ta naira 2,000, za su ciri naira 30 kawai. Kaya na naira 10,000, za su ciri 150 da 100, ya zama 250, ki karɓi 9,750. Na naira 50,000, za su ciri 850. Daga wajen naira 126,700 zuwa sama an kai iyakar nan ta 2,000, don haka ko set ɗin amarya na naira 400,000 kika sayar, 2,000 ce tasu. Kin ga ke nan mai babban ciniki ta fi jin daɗin tsarin, ita ma mai ƙaramin ciniki sosai ba ta ji a jikinta. Waɗanda abin ya fi ciza su ne masu kayan da ke tsakanin naira 2,500 da 5,000. A kayan naira 3,000, la'ada 145 ce, kusan kashi 5 cikin 100 ke nan. Idan ribarki a kan kayan naira 400 ce, fiye da sulusinta ya tafi.

Akwai wani abu a bakin iyakar nan ta 2,500 da ba kowa ke lura da shi ba. Idan kika sa wa kaya naira 2,500 cif, za a ciri naira 137 da kwabo 50, ki tashi da 2,362 da 'yan kai. Idan kika sa 2,400, za a ciri 36, ki tashi da 2,364. Wato kin rage wa mai saye naira ɗari, kuma abin da ya shigo aljihunki ya ɗan fi. Ni ƙananan kwalabe na duk a ƙasa da 2,500 nake ajiye su saboda wannan. Waɗanda suka haura kuma ina haɗa su uku-uku a sayar tare, domin naira 100 ɗin a kan kowane biya take, ba a kan kowace kwalba ba.

To wa zai ɗauki nauyin la'adar? A cikin saitin asusun akwai inda za ki zaɓi a ɗora wa mai saye. Ni ban so hakan. Mutum ya ga kin ce 10,000, ya buɗe shafi ya ga 10,254, sai ya ji kamar an yi masa wayo, ya dawo WhatsApp yana tambayar kuɗin mene ne wannan. Gara ki saka ta cikin farashi tun farko, kamar yadda kike saka kuɗin leda da kwali da gawayi. Idan kina so ki san nawa za ki sa don ki karɓi adadin da kike so cif, ki ƙara 100 a kan adadin, ki raba da 0.985. Haka na samo 10,254 ɗin can. A aikace sai ki mayar da shi 10,300 ko 10,500.

Wata Hajiya ta taɓa tambayata ko wannan kason ba riba ba ce irin wadda aka haramta. A fahimtata ladan aiki ne, ba bashi aka ba ki ana karɓar ƙari ba. Amma ni ba malama ba ce, wadda zuciyarta ba ta kwanta ba ta tambayi malaminta.

Buɗe asusun

Ki shiga paystack.com da kanki, ki rubuta adireshin da hannunki, kada ki bi linkin da wani ya turo a guruf. Za a tambaye ki ƙasa, sunan sana'a, sunanki, imel, lambar waya da kalmar sirri. Ki yi amfani da imel ɗin da kike buɗewa kullum, wanda yake kan wayarki, saboda duk sanarwar biya da ta ƙorafi nan za ta riƙa zuwa. Sunan sana'a kuma ki sa wanda kwastomomi suka san ki da shi a Instagram. Shi zai fito a saman shafin biya da kan rasit, kuma idan mai saye ya ga baƙon suna sai ya ja baya.

Za a ce ki zaɓi nau'in kasuwanci, iri biyu ne. Akwai Starter Business, na wadda ba ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ba. Wannan da lambar BVN, katin shaida na gwamnati da asusun bankinki na kanki ake buɗe shi, ana iya neman shaidar adireshi. Sai dai yana da iyaka: akwai jimillar kuɗin da in kika karɓa, dole ki ɗaga zuwa mataki na gaba kafin ki ci gaba. Na biyun shi ne Registered Business, wanda yake buƙatar takardar CAC da asusun banki na kasuwanci mai ɗauke da sunan da ke kan takardar. Shawarata, ki fara da na farko ki ga ko tsarin ya karɓe ki, amma ki soma neman rajistar sunan kasuwanci tun da wuri. Kada ki bari sai ana saura sati biyu Sallah, ciniki ya kankama, sannan ki cimma iyaka.

Abin da ya fi maƙale mutane a matakin tantancewa shi ne saɓanin suna. Mu nan Arewa mun san wannan matsalar. BVN na ɗauke da sunan mahaifi, katin ɗan ƙasa na ɗauke da sunan miji, a wani wurin an rubuta Aisha, a wani A'ishatu. Na'ura ba ta san mutum ɗaya ba ce. Ki duba takardunki kafin ki fara, in akwai bambanci ki je banki ko ofishin NIMC a daidaita. Kuma don Allah kada ki buɗe da BVN ɗin maigida ko na ƙaninki don gudun wahala. Wanda sunansa ke kai shi ne mai asusun a idon kamfani da na doka, ranar da aka samu saɓani ba ki da ta cewa. Hoton katin shaida ki ɗauke shi a wuri mai haske, kusurwa huɗu duk su fito.

Kafin a amince da takardunki, asusun yana zaune a yanayin gwaji, wanda suke kira Test Mode. Akwai wani ɗan maɓalli a saman shafin da ke nuna ko a gwaji kike ko a Live. A yanayin gwaji komai yana aiki kamar gaske, har saƙon "an biya" yana zuwa, amma ko sisi ba ya motsi. Yana da amfani don koyo. Haɗarinsa shi ne linkin da kika ƙirƙira a gwaji na gwaji ne har abada, ba ya karɓar kuɗin gaske. Bayan an kunna miki asusu, ki tabbata maɓallin na kan Live, ki ƙirƙiri sabon linki, ki biya kanki naira 200 da katinki, ki jira ki ga sun sauka a bankinki. Sai kin ga wannan da idonki za ki tura wa kwastoma.

Ba ki buƙatar shafin intanet

Mutane da yawa suna ɗauka sai mai shafin intanet da injiniyan kwamfuta ne zai iya amfani da Paystack. Da farko kusan haka ne, don masu rubuta manhaja aka gina shi, amma da kamfanin ya girma sai ya fito da kayan aiki na irinmu.

Mafi sauƙi shi ne Payment Pages. Ki danna shi a jerin da ke gefen hagu na shafin asusunki, ki zaɓi biya na lokaci ɗaya, ki ba shafin suna, ki rubuta ɗan bayani. Za ki iya kafe adadin kuɗi, ko ki bar wurin a buɗe mai saye ya rubuta da kansa. Ni ina da guda ɗaya buɗaɗɗe da nake turawa bayan mun gama ciniki a WhatsApp, tunda mu ba ma rabuwa da "Hajiya a rage mana". Ki kunna wurin karɓar lambar waya, ki ƙara gurbi na adireshi da na garin da za a kai kaya. Wannan ɗan gurbin ya rage mini yawan tambayar "wace tasha za a sa miki?". Ana iya gyara ƙarshen linkin ya zama sunan sana'arki a maimakon tarkacen haruffa, ki yi hakan, ya fi kwantar da hankalin mai dannawa.

Wadda ke da kaya masu tsayayyen farashi, Storefront ya fi mata. Ɗan kanti ne a intanet kyauta: ki ɗora hoton kowane kaya, farashinsa, da adadin da ya rage, ki sa kuɗin kaiwa na kowane gari, Kano daban, Abuja daban, Legas daban. Mai saye ya zaɓa, ya biya, ke kuma oda ta iso miki a rubuce. Linkinsa nake sawa a saman shafina na Instagram. Amfaninsa ya fi fitowa da daddare, lokacin da mutum yake kwance yana duba waya, ya ga kaya, ya biya, ni kuwa ina barci. A da sai ya turo saƙo, in ban amsa ba kafin safiya sha'awar ta wuce.

Akwai kuma Invoices, takardar neman biya da ake tura wa mutum ɗaya ta imel, da jerin kaya da ranar da ake so ya biya. Tana da kyau ga masu sarin kaya da masu odar biki. Masu makarantun Islamiyya ko masu koyar da girki da ɗinki ta intanet kuma akwai tsarin biya na wata-wata, wanda yake cirar kuɗi daga katin mutum da kansa bayan ya amince sau ɗaya. Wadda ta riga ta mallaki shafi a WordPress ko Shopify, akwai abin haɗawa da aka tanada, mai kula mata da shafin zai gama shi a zama ɗaya.

Koya wa kwastoma

Rabin aikin a nan yake. Yawancin kwastomominmu tsoron sa lambar kati a intanet suke yi, kuma ban ga laifinsu ba. Ba na jayayya da kowa, cewa nake su zaɓi tiransifa a shafin. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000, har iyayenmu sun iya tiransifa, don haka wannan ba baƙon abu ba ne.

Amma tiransifar Paystack tana da ɗabi'u uku da nake gaya wa kowa tun kafin ya fara. Lambar akawun ɗin da shafin zai nuna ta wucin gadi ce, ta wannan cinikin kaɗai, kuma tana da wa'adi, ga agogo nan yana ƙirgawa a shafin. Sunan da zai fito a manhajar bankinsa ba nawa ba ne, na Paystack ne. Sannan dole ya tura adadin da aka rubuta daidai, ba ragi ba ƙari. Mai kirkin da ya ƙara naira 500 "na ruwa" ya jawo wa kansa jira, don biyan ba zai zauna daidai ba, sai an bi hanyar mayar masa. Wanda kuma ya adana lambar a wayarsa ya sake tura kuɗi cikinta bayan wata guda, shi ma ya shiga dogon zance. Na rubuta waɗannan a gajeren saƙo na ajiye a WhatsApp Business, ina tura shi tare da linki. Ga wadda karatu ke yi wa wuya, muryata nake ɗauka in tura.

Idan mai saye ya ce ya biya, ba na kallon hoton da ya turo. Manhajar Paystack ta 'yan kasuwa nake buɗewa, in duba Transactions, in ga sunansa da adadin da alamar nasara. In babu, ban ɗaure kaya ba. Imel ma ba na gamsuwa da shi shi kaɗai, don ana iya ƙirƙirar mai kama da shi. Wannan ƙa'idar ba ta da Hajiya ba ta da 'yar'uwa, kuma ta sauƙaƙa mini wani abu da ban zata ba: yanzu ba ni ce nake cewa "ban ga kuɗinki ba", cewa nake "bai nuna a shafi ba tukuna, mu ɗan jira". Ba wanda ya ji an ƙaryata shi.

Wani lokaci banki zai ciri kuɗin mutum amma biyan ya faɗi, musamman ranar da netwok ke wasa. Kuɗin ba su zo wurinki ba, bankinsa ne zai mayar masa, in ya jinkirta can zai kai ƙorafi da lambar shaidar cinikin. Kada tausayi ya sa ki tura kaya a kan kuɗin da ke rataye, kada kuma ki mayar masa daga aljihunki.

Game da saukar kuɗi a asusunki, ki tuna da maganar ranar aiki. Idan hutu ya gitta, irin na Sallah da ake haɗa kwana biyu da ƙarshen mako, ki sa a ranki kuɗin na iya jira. Wadda jarinta ke juyawa kullum, wadda sai ta karɓi na yau za ta sari kayan gobe a Kurmi ko Sabon Gari, ta yi la'akari da wannan sosai. A wurin Payouts za ki ga kowace turowa da cinikayyar da ke cikinta, kuma ana iya sauke duk lissafin wata a takarda ɗaya. Ranar da za ki nemi jari ko tallafi aka ce ki kawo shaidar ciniki, wannan takardar ta fi littafin da muke rubutawa da biro.

Ƙorafi, da mayar da kuɗi

Wanda ya biya da kati yana da damar zuwa bankinsa ya ce bai karɓi kaya ba, ko ba shi ya yi cinikin ba. Bankin zai sanar da Paystack, su kuma su turo miki imel, maganar ta bayyana a wurin Disputes. Wa'adin amsawa gajere ne, idan kika yi shiru ana ɗauka kin amince, a cire kuɗin daga cinikinki na gaba. Shi ya sa na ce imel ɗin ya kasance wanda kike gani kullum. Abin da zai cece ki hujja ce: hirarku ta WhatsApp, hoton kaya a ɗaure da sunan mai shi, takardar kamfanin aike, ko lambar mota da lambar direba idan ta tasha kika aika, da saƙon da ya ce "sun iso, na gode". Ni ba na goge hira da kwastoma sai ta kwana biyu sosai, kuma duk wanda kaya suka isa hannunsa ina roƙonsa ya rubuto mini, kira kaɗai ba ya zama hujja.

Idan ke ce za ki mayar wa mutum kuɗi, ki yi ta maɓallin Refund da ke kan cinikin, kada ki yi masa tiransifa ta gefe. In kika mayar ta gefe, a rubuce har yanzu kuɗinsa na wurinki, marar tsoron Allah zai iya zuwa banki ya sake karɓa.

Tsaron asusun kansa bai da wahala, sakaci ne ke kawo matsala. Ki kunna tabbaci mai mataki biyu a cikin saiti, yadda ko an saci kalmar sirrinki ba za a shiga ba sai da lambar da ke wayarki. Yarinyar da ke taya ki amsa saƙonni, kada ki ba ta kalmar sirrinki, akwai wurin Team da za ki gayyace ta da nata imel, ki iyakance abin da za ta iya taɓawa, ta ga an biya amma ba za ta iya sauya asusun bankin da kuɗi ke sauka ba. A saitin akwai wasu dogayen lambobi biyu na masu haɗa shafi, ɗaya ana kiranta Secret Key. Wannan ba a tura ta a guruf, ba a ɗaukar hotonta. Duk wanda ya kira ki ya ce daga kamfanin yake, yana neman kalmar sirri ko lambar OTP ko lambobin bayan katinki, ki kashe wayar.

Masu kwastomomi a waje, 'yan'uwanmu da ke Saudiyya, Ingila ko Amurka masu son a kai wa iyayensu kaya a gida, za su iya biya da katinsu na can, amma sai kin nemi a buɗe miki karɓar katin waje, kuma za a duba irin kasuwancinki kafin a amince. La'adarsa ta fi tsada, kashi 3.9 cikin 100 da naira 100, don haka farashin da za ki ba su daban ne. A nan ne kuma ake yawan samun katin sata. Baƙon da bai taɓa sayen komai a wurinki ba, ya yi odar kaya masu yawa, bai nemi ragi ba, yana ta gaggawar a aika yau, ki dakata ki yi masa tambayoyi.

Ba kowa nake ba shawarar ta buɗe ba. Wadda cinikinta na unguwa ne, hannu da hannu, ko mai shago da mutane ke shigowa, na'urar POS ta Moniepoint ko OPay ta fi dacewa da ita, kuɗi na shiga nan take. Wadda odarta ba ta wuce biyu ko uku a mako, kuma duk ta san masu sayen, ta ci gaba da tiransifa, ta dai riƙa buɗe manhajar bankinta tana gani da idonta kafin ta saki kaya. Paystack yana fara yi miki amfanin da ya kai la'adarsa ne idan baƙi sun fi sanannu yawa a masu sayenki, ko oda ta yi yawan da kike rikita wa ya biya wa bai biya ba, ko mutum biyu sun turo 15,000 a sa'a ɗaya kin rasa ta wace ce. Kuma ba shi kaɗai ba ne a fagen. Flutterwave, wanda aka kafa a 2016, yana irin wannan aikin kuma ya fi shi yawan ƙasashe, akwai Monnify na kamfanin Moniepoint, ga Interswitch da ya riga su duka tun 2002, shi ne mai katin Verve. Matakan buɗewa kusan iri ɗaya ne, takardun da za a nema ma haka. Ki ɗauki farashin kayanki guda uku da suka fi fita, ki lissafa abin da kowane kamfani zai cira a kansu, ki duba yaushe kowanne ke sakin kuɗi, sannan ki zaɓa. Ni har yanzu tsofaffin kwastomomina na cikin gari lambar akawun nake ba su, linki na baƙi ne da na nesa.